Tanar Roba: A Zuba Ta a Gurabun Akwati ko a Bar Ta a Ledarta?

Duk mai fatsa da ya fara tara tanar roba da 'yan kifin roba, waɗanda ake sa wa ƙugiya don yaudarar kifi, ba a jimawa tambayar za ta taso masa: ya farke ledojin ya jera su gurbi-gurbi a akwatin kayan fatsa, ko ya bar kowace a ledar da ta zo a ciki? Akwatin da aka jera yana ɗaukar ido, kana ɗaga murfi ka ga komai a shimfiɗe. Sai dai tsarin da ya fi kyan gani ba shi ne ya fi tsare kaya ba, kuma amsar ba ta akwatin take farawa ba. Daga abin da aka yi tanar da shi take farawa.

Iri uku ne a kasuwa, kuma ba sa jituwa

Mafi yawan abin da ake sayarwa an yi shi ne da filastisol, wato garin filastik irin PVC da aka dama da wani mai da ke tausasa shi, aka dafa har wajen digiri 175 a ma'aunin Salshiyas, aka zuba a mazubi. Tun da Nick Creme ya fito da tanar roba a garin Akron na jihar Ohiyo ta Amurka a 1949, wannan hanyar ce ta mamaye sana'ar. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, man tausasawar nan bai ɗaure da PVC ɗin ba. Yana zaune ne kawai a tsakanin ƙwayoyinsa, yana tsattsafowa a hankali, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Shi ne maiƙon da kake ji a yatsa idan ka zaro tana daga leda. Duk filastik ɗin da man zai iya shiga, to zai shige shi ya tausasa shi kamar yadda ya tausasa tanar.

Iri na biyu shi ne mai talewa, wanda ake kira TPE. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ElaZtech na kamfanin Z-Man. Za ka ja shi ya ninka tsawonsa sau da yawa bai tsinke ba, kuma yana tasowa saman ruwa. Matsalarsa ɗaya ce amma babba: idan ya haɗu da tanar PVC a gurbi ɗaya, sai su ci juna. Cikin kwanaki kaɗan, musamman da zafi, za ka tarar da curi mai danƙo wanda ba ka gane kai ba ka gane wutsiya. Kamfanin da kansa yana gargaɗin a bar shi a ledarsa.

Na uku shi ne wanda ruwa ne ginshiƙinsa ba mai ba, kamar Gulp! na kamfanin Berkley. Wannan ba ya narkar da komai, shi bushewa yake yi. Ka bar shi a buɗe kwana ɗaya, sai ya ƙanƙance ya ƙame kamar busasshiyar fata, idan kuwa a jikin ƙugiya ya bushe, sai da wuƙa za ka raba su.

Kafin a zo ga kwatanci ma, iri biyu daga cikin ukun sun fita daga batun zubawa a gurbi. TPE da Gulp! ledarsu ko kwalbarsu ce gidansu. Gardamar gaba ɗaya a kan tanar PVC take, ita ce kuma mafi yawa a kayan kowa.

Zubawa a gurabu

Akwatin da ake nufi shi ne mai faɗi, marar zurfi, mai 'yan katangu da ake cirewa a mayar. Girma biyu ne suka zama ma'auni, kuma lambobin kamfanin Plano ake kiransu da su ko da wani kamfani ne ya ƙera: 3600, mai kusan santimita 28 a tsawo, 18 a faɗi, 4.5 a zurfi, da 3700, mai kusan santimita 35 da 23 da 5.

Amfaninsa sauri ne, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Hannunka a jiƙe, iska na kaɗawa, kifi na cin wani launi ya daina cin wani. Ka ɗaga murfi da hannu ɗaya ka ɗauki abin da kake so. Ba kokawa da bakin leda mai santsi, ba leda da iska za ta fizge ta jefa ruwa. Kana kuma ganin abin da ya kusa ƙarewa tun kafin ya ƙare. Ga doguwar tana mai santimita 18 ko 25, dogon layin 3700 da aka cire wa katangu yana ba ta damar kwanciya a miƙe, abin da wasu ledojin ma ba sa yi.

Sharaɗin farko shi ne jikin akwatin. Juya shi ka duba ƙasansa. Idan ka ga lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, ko haruffan PP, folifurofilin ne, man tana ba ya cinsa. Irinsa yana da ɗan duhu-duhu kamar hazo, yana lanƙwasa kaɗan idan ka matsa, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi ba ya ƙara. Idan kuwa lamba 6 ce ko PS, ko kuma akwatin garau yake kamar gilashi, mai tauri, mai ƙara idan an buga, to folistirin ne, kuma shi tana take ci. Za ta kwanta a kai ta nutse a hankali, ta bar zanenta a jikin gurbin kamar an ɗora ƙarfe mai zafi a kan kyandir, ita ma ta lalace. Akwatunan da aka yi don ajiye ƙusoshi, maɓallai ko kayan ɗinki da yawansu irin wannan ne, shi ya sa arahar su ba riba ba ce. Idan babu wata alama a jiki, gwajin mai sauƙi ne: ɗora tsohuwar tana guda ɗaya a wani lungu, ka rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi mako guda. In ka ɗaga ta ka ga wurin ya yi dishi-dishi ko yana kama yatsa, kada ka zuba masa komai.

Ko akwatin ya cika wannan sharaɗi, akwai abubuwa huɗu da gurbi ba ya iya hanawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi saurin bayyana shi ne zubar launi. Rinin da ke cikin tana yana tafiya tare da man da ke tsattsafowa. Ja, shunayya, baƙi da rawaya-kore mai haske su ne suka fi zuba. Fari, ruwan lu'ulu'u da garau su ne suka fi sha. Ka haɗa farar tana da ja a gurbi ɗaya, ba a rufa mako ba farar ta koma ruwan hoda, kuma ba ta wankuwa don rinin ya shige ciki. Raba su da katanga ma ba ya isa ko yaushe. Katangun nan ba sa mannewa da ƙasan akwati. Mai yana bi ta ƙarƙashinsu idan akwatin ya karkata, siririyar wutsiya kuma tana zurawa ta saman katanga ta kwanta a gurbin maƙwabta, murfi ya danne ta a can. Wanda ya dage sai ya zuba, to ya jera launukan daga mai haske zuwa mai duhu, kada fari ya yi maƙwabtaka da ja, ya kuma ɗiga gam mai zafi a gindin kowace katanga don ta zauna daram.

Sai ƙamshi da gishiri. Yawancin tana ana sayar da ita da wani ƙamshi da aka shafa mata ko aka dafa ta da shi, kamar na tafarnuwa, na jatan lande ko na kifi. Leda mai zif tana riƙe shi. Gurbin da ake buɗewa sau ashirin a yini ba ya riƙewa. Gishiri kuma ya fi wannan ɓarna. Tana irin Senko ta Gary Yamamoto cike take da gishiri, shi ne ke ba ta nauyin da take nutsewa tana kaɗawa. Gishiri yana jan laima daga iska. Ɗigon ruwa kaɗan daga jiƙaƙƙen hannu ya isa: tanar ta kumbura, launinta ya koɗe ya yi fari-fari, jikinta ya yi taushin da ƙugiya za ta yaga da wuri. Ruwan gishirin da ya taru a ƙasan gurbi kuwa, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya yi tsatsa.

Na uku lanƙwasa ne. Tanar PVC tana riƙe siffar da ta daɗe a kai, musamman idan ta yi zafi sannan ta huce a haka. Gurbin da ya gaza tsawonta da santimita biyu kawai zai sa wutsiya ta naɗe a jikin katanga, bayan wata guda ta zauna a haka. A ruwa, maimakon ta yi iyo a miƙe sai ta riƙa juyawa tana murɗe igiya.

Na huɗu ba ɓarnar kaya ba ce, ɓatan suna ne. Launukan kore-kore da ruwan ƙasa suna da yawa kuma suna kama da juna ƙwarai. Bambancin wani da wani 'yan ƙyalƙyalin da ke ciki ne, baƙi ko ja. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi maka aiki ya ƙare, ledar da ke ɗauke da sunansa da girmansa ta daɗe a shara. Maganinsa a yanko sunan daga ledar a manna a cikin murfi daidai saitin gurbin.

Barin ta a ledarta

Ledar asali an zaɓe ta ne don ta jure man da ke cikin wannan tanar. Tana riƙe ƙamshi, tana hana laima, tana raba launi da launi ba tare da wata dabara ba, kuma sunan kayan yana jikinta. Uku daga matsaloli huɗun da aka lissafa sun kau ke nan tun daga farko. Wanda ke da TPE a kayansa kuma ya huta da fargabar haɗuwa, muddin ba ya mayar da tana cikin ledar da ba tata ba.

Aibinta shi ne jinkiri da hargitsi. Leda talatin a zube cikin jaka, sai ka birkice su duka kafin ka samu guda. Bakin zif yana cika da mai da gishiri ya daina kamawa, wani kuma yana yagewa daga gefe. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce a cikin me za a jera ledojin, kuma hanya biyu ce ake bi.

Ta farko ita ce jaka mai shafuka, irin ta ajiye takardu, wadda kowane shafi leda ce mai kauri da zif, an ratsa su da zobba. Ba ta da nauyi, tana shiga jakar baya, tana dacewa da mai tafiya a ƙafa yana bin gaɓa. Shafi goma yana ɗaukar leda goma zuwa ashirin. Abin da ke kawo matsala shi ne cikawa. Idan aka cusa mata fiye da ƙima ta yi tumbi, zif ɗin waje yana matse na tsakiya, kuma duk abin da ke da siffa, kamar ƙaguwar roba mai hannuwa ko ɗan kifi mai faffaɗar wutsiya, zai fito a baje. Ramukan zobba kuma su ne farkon yagewa. A sa ledar asali a cikin shafin, kada a juye tanar tsirara a ciki, domin ba kowane shafi ne aka yi shi da ledar da ke jure mai ba. Wani yana yin yauƙi ya manne da na kusa da shi.

Ta biyu, wadda ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu fatsa, ita ce akwati mai zurfi marar katangu ko mai katanga biyu zuwa uku, a jera ledojin a tsaye ko a ɗan jingine kamar katuna a durowa, bakinsu a sama. Mai zurfin 3700 yana kai kusan santimita 8, kuma gwargwadon kaurin ledojin yana ɗaukar ashirin zuwa talatin. Jikin akwatin yana hana matsewa, kana bin kan ledojin da yatsa kana karanta suna, ka zaro guda ba tare da ka taɓa saura ba. A raba su bisa siffa tukuna, sannan launi: miƙaƙƙun tana wuri ɗaya, masu naɗaɗɗiyar wutsiya wuri ɗaya, ƙaguwa da makamantansu wuri ɗaya, a sa ɗan kati mai tauri a tsakani da suna a kai. Kafin a rufe kowace leda a matse iskar ciki, a girgiza ta kaɗan don tanar su kwanta a jere a ƙasa, kada a naɗe ledar biyu a kan jikinsu.

A lura da nauyi. Senko mai inci 5 tana kai kusan giram 10, leda mai guda goma ta kai giram 100 ke nan. Leda talatin irinta kilo 3 ne, ban da akwatin. A cikin jirgin ruwa wannan ba komai ba ne. Ga mai tafiyar ƙafa kuwa kaya ne da kafaɗa za ta ji. Shi ya sa akwati mai zurfi ya fi kyau a matsayin rumbu, a riƙa ɗiba daga cikinsa.

Masu faffaɗar wutsiya

'Yan kifin roba masu wutsiya kamar filafili suna da hukuncinsu daban. Duk aikinsu a siririn wuyan wutsiyar yake; ya karkace kaɗan, kifin zai riƙa iyo a gicciye. Shi ya sa kamfanoni irin su Keitech suke sayar da su a faranti mai gurbin kowane ɗaya. Farantin yana cin wuri, har mutum ya ji kamar ya jefar da shi, amma babu gurbin akwati ko shafin jaka da zai yi aikinsa. A bar su a ciki, a jera farantan a kwance ko a tsaye cikin akwati mai zurfi. Idan dole sai an fitar da su, a kwantar da su a layi ɗaya, kai da wutsiya a saɓe, kada a ɗora wani a kan wani.

Wanda ya riga ya lanƙwashe ana iya ceto shi in na PVC ne. A tafasa ruwa a sauke, a riƙe kifin ta kai a tsoma wutsiyar daƙiƙa 10 zuwa 20, a ciro a bar ta ta rataya a miƙe, sannan a tsoma a ruwan sanyi ko a kwantar a shimfiɗaɗɗen wuri har ta huce. Mai gishiri kada ya daɗe a ruwan, kuma a tabbata ya bushe sarai kafin ya koma leda.

Abin da ba ya shiga akwati ɗaya da tana

Ko wace hanya aka zaɓa, tana tsirara ba ta kwana da 'yan kifin yaudara masu tauri. Man yana cin fentinsu da jikinsu, ya bar tabo mai danƙo da ba ya gyaruwa. Haka yake yi wa abin da ake ɗaurawa a igiya ya tsaya a saman ruwa, na soso ko na filastik mai tauri, da gezar roba ta wasu ƙugiyoyi, wadda takan narke ta cure. Ƙugiya da kan dalma, wato ƙugiya mai dunƙulen dalma a kanta, su ma akwatinsu daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama fatsa a bar tana mai gishiri a jikin ƙugiya, a jefa a gurbi a rufe. Bayan kwana biyu ko uku sashen ƙugiyar da ke cikin jikin tanar ya yi tsatsa, a wurin da ido ba ya gani, kuma a nan za ta karye ranar da babban kifi ya kama. Akwai akwatuna masu katangun da ke fitar da sinadarin hana tsatsa, kamar na kamfanin Flambeau masu sinadarin Zerust. Suna taimakon ƙugiyar da ke fili, amma ba sa kaiwa ga ƙarfen da jiƙaƙƙen gishiri ya lulluɓe.

Tanar da ta shiga ruwa ba ta komawa cikin sababbi a jiƙe. A ware mata ƙaramar leda ko gurbi guda, in an dawo a ɗauraye ta da ruwan daɗi idan a teku aka yi fatsa, a shanya a inuwa, sannan a mayar. Wadda ta yage kuma a taho da ita, kada a jefa a ruwa. Ba ta ruɓewa, kifi yana haɗiye ta, tana kuma iya kumbura a cikinsa.

Zafi da rana sun fi kowane kuskuren jeri ɓarna. Motar da aka rufe a rana cikinta yana iya wuce digiri 60, kuma a wannan zafin mai yana fita da sauri, launi yana zuba cikin sa'o'i, TPE yana sakin jiki ya canza siffa ko da shi kaɗai ne a ledarsa. Murfi garau kuma yana barin hasken rana ya koɗar da launi. Akwati ya zauna a inuwa, a kwance, ba a tsaye a gefensa ba in tana a zube take ciki, don kada duk su gangaro su taru a lungu ɗaya.

Wanne za a ɗauka

Mai iri biyar ko shida kawai, duk na PVC, wanda ke fita fatsa a kai a kai har kayan suna ƙarewa cikin 'yan makonni, akwatin gurabu na PP zai yi masa daidai, domin tanar ba ta daɗewa har matsalolin su bayyana. Mai tafiyar ƙafa da ke son kaya marasa nauyi, jaka mai shafuka da ba a cika ta ba. Wanda kayansa suka haura leda ashirin, ko yake da cakuɗen PVC da TPE da Gulp!, ko yake yin watanni bai fita ba, ledar asali a akwati mai zurfi ita ce zaɓinsa, ba tare da wani kokwanto ba.

Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Rumbu ya zauna a leda, sannan a ware 3600 guda ɗaya na aikin yini: daren fita a zuba guda huɗu zuwa shida na kowane irin da ake sa ran amfani da shi, launi ɗaya a gurbi ɗaya, PVC zalla. TPE da Gulp! su bi a ledarsu cikin aljihun jaka daban. In an dawo, abin da bai jiƙe ba ya koma ledarsa, a goge gurabun da tsumma da ɗan ruwan sabulu don cire mai da gishiri, a bar murfin a buɗe ya kwana ya bushe.